Ramuwar da Malam Ya Ce In Ajiye

Shekarar da gwamnatin soja ta yanke mu daga Kaduna ta ce Katsina ta zama jiha, ita ce shekarar da aka laƙaba mini sunan nan da kuka taso kuna ji ana raɗawa a bayana. Ranar da aka yi sanarwar ina zaune a rumfar wani mai gyaran rediyo a kasuwar Daura. Mutane suka yi ta sowa, wasu na murna, wasu na cewa ai Daura ce uwa, ita ya kamata a ba. Ni ban damu ba, don ban san abin zai biyo ni har cikin gidana ba. Yanzu da na tsufa, idona ya fara gajiya da ajamin da nake rubuta wannan da shi, ina so ku ji maganar daga bakina, ku 'ya'yana da jikokina. An gaya muku na kunyata kakanku a gaban jama'a. Na ci shi wasa, wannan gaskiya ne. Kuma da Allah zai maido da ranar, abin da na tura a kan allon nan shi zan sake turawa.

Kakanku na wajen uwa, ban taɓa kama sunansa ba, ba kuwa yau zan fara ba. Malam muke ce masa. Yana saurayi ya tafi hajji a ƙasa, ya yi shekaru a Sudan yana ɗinki don ya haɗa guzuri, a can wani mai kanti ya koya masa shaɗaranji, wasan da 'yan boko ke kira cas. Ya dawo Daura da littattafai, da allo mai gidaje fari da baƙi, da 'ya'yan wasa na itace a jakar fata: sarki, waziri, giwaye, dawaki, soraye, sai dakaru da ke jere a gaba. Wasu malaman gari suka yi masa ca, suka ce aikin banza ne, bai dace da mai rawani ba. Shi kuwa ya ce malamai sun yi saɓani a kan wasan tun kafin a haifi kakanninmu, kuma ya ɗaure kansa da sharuɗɗa uku. Duk wanda ya zo masa da maganar amsa ɗaya yake samu:

"Ba caca, ba jinkirta salla, ba ƙarya. Ranar da ɗaya ya karye ku zo ku ƙona allon, ni zan ba ku ashana."

Ni karatun fiƙihu ya kai ni zaurensa. Bayan la'asar, idan an rufe littattafai, sai ya fito da jakar fatar, haka na koya a hannunsa har na fara wahalar da shi. Akwai buɗin wasa guda da ya fi so, muna ce masa buɗin kyauta. Mai fari ya tura dakaren gaban sarki gida biyu, mai baƙi ya tare shi da nasa. Sai mai fari ya ɗauki dakaren gaban giwar sarki ya ajiye shi a bakin dakaren baƙi, ya ce ci. Wanda ya ci ya buɗe wa soro da waziri hanya zuwa gidansa. Wanda ya bayar kuma ya rushe katangar sarkinsa da hannunsa. Malam kan ɗaga dakaren nan sama kafin ya ajiye, ya ce:

"Haruna, wannan ba buɗin masu son a rabu lafiya ba ne. In ka yi shi, ɗayanku sai ya sha ƙasa."

Akwai kuma doka a zauren, wadda ya aro daga masu dara na gindin bishiya. Wanda ya ci ba ya tashi sai ya sake jera 'ya'ya ya ba wanda aka ci ramuwa. In wanda aka ci ya ce ba yau ba, to ramuwar tana wuyan mai cin, ko da shekara nawa, har ranar da mai ita ya nema.

Da Malam ya ba ni mahaifiyarku Hajara, bayan ya tambaye ta ta sunkuyar da kai tana murmushi, wasa tsakanina da shi ya ƙare. Ku 'yan yanzu kuna zama kujera ɗaya da surukanku kuna nuna musu hoto a waya. Mu a lokacinmu ba ka hawa tabarmar surukinka, ba ka kallon ƙwayar idonsa, ba ka ci a gabansa, in ka hango shi a lungu sai ka tuɓe takalmi ka tsuguna har ya wuce. To ina maganar ka zauna kai da kai da shi kana neman kashe sarkinsa? Na ci gaba da buga wasana da abokai a nawa zauren, shi yana nasa, labarin juna kawai muke ji.

Sai ga sabuwar jiha. Aka ce tunda mun rabu da Kaduna, mu ma za mu tura namu mutum biyu gasar ƙasa a Ikko, a haɗu a Katsina a fid da su. Bayan an gama girbin gero muka tafi, ni da Malam, a motar Yaya Sabi'u, babban ɗansa, wan mahaifiyarku. Malam a gaba, ni a baya, daga Daura har muka wuce Mashi muka shiga Katsina ban ɗaga kai ba. Ya kusa sittin ko ya haura a lokacin, kuma ya ɗauki abin da nauyi. Sabi'u ya gaya mini abin da ya ce a gida, wai yana so kafin ya mutu ya zauna gaban mutanen kudu da rawaninsa, su san wasan nan ya iso mana ta gabas kafin ya iso musu ta teku.

A babban ɗakin taro na wata makaranta aka yi, tebur-tebur, kowanne da agogo mai fuska biyu. Muka yi kwanaki ana bugawa, ni da Malam muna gaba kafaɗa da kafaɗa. Mai bin mu dab da dab wani ma'aikacin dabbobi ne daga Mashi, Lawal, siririn mutum mai yawan dariya, wanda ya zo a kan babur da allonsa ɗaure a baya. Ranar ƙarshe aka haɗa ni da Malam, aka ba ni fari. Lissafin a fili yake, kowa a ɗakin ya san shi. In muka yi kunnen doki, ni da Malam mu biyu za mu tafi Ikko, Lawal ya koma Mashi ko da ya ci nasa wasan. In ɗayanmu ya ci, wanda aka ci ya zauna gida, Lawal ya haye muddin ya ci nasa.

Da safe, muna cikin mota za mu tafi ɗakin gasar, Sabi'u ya dubo ni ta madubi.

"Malam Haruna, ai abin ya zo da sauƙi. Ku ɗan tura 'ya'ya nan da can, ku yi musabaha, ku tashi. Kowa ya huta."

"Lawal fa, Yaya?"

"Lawal ɗan gidanku ne? Ya je ya yi wa shanu allura. Kai dai kana jina ko?"

"Ina jinka. Amma in an shirya tun a mota, an zauna ana nuna wa mutane kamar ana wasa, mene ne sunan wannan?"

"Sunansa ladabi! Kai da za ka zauna gaban surukinka, har kana da bakin tambaya? Ko cin sa kake so ka yi, ka koma ka kalli Hajara da wane ido?"

Na jira Malam ya ce wani abu. Yana gaba, carbi a hannunsa, yana kallon titi. Ya ji komai. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa, ko ya tsawatar wa Sabi'u, ko ya umarce ni. Bai ce uffan ba har muka isa. Wannan shirun shi ya bar mini kayan ni kaɗai, ni kuwa na auna su. Na ga in na bi Sabi'u, na karya sharaɗi na uku da hannun mutumin da ya kafa shi, na tauye haƙƙin bawan Allah da bai yi mana komai ba, kuma malaman da suka ce wasan banza ne sun yi gaskiya. In na zauna na bari da gangan ya ci ni, ita ma ƙarya ce, kuma Malam ba yaro ba ne, zai gane tun kafin a yi nisa.

Da muka isa teburin na tuɓe takalmi na tsuguna a gefen kujera. Alƙalin wasa, wani mutumin kudu mai kirki, ya ce in tashi in zauna, kuma doka ce mu gaisa da hannu. Na miƙa hannu biyu kaina a ƙasa. Tun ranar ɗaurin aure hannuna bai taɓa nasa ba. Aka danna agogo. Na yi bismilla na tura dakaren sarki, ya tare da nasa nan take, yadda mai shirin tashi da wuri ke yi. Sai na ɗauki dakaren gaban giwa na ajiye shi a bakin nasa.

Carbin ya tsaya. Ban ɗaga kai ba amma na ji idonsa a kan hulata. Ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda alƙali ba zai ji ba.

"Kyauta ce, Haruna?"

"Kyauta ce, Malam."

"To. Ba a mai da hannun kyauta."

Ya ci dakaren. Na fito da dokin sarki. Sai ya turo dakaren gaban dokinsa don ya tsare abin da ya ci, ka ga mutumin da ransa ya ɓaci, ya ce abin da ya shiga hannunsa ba ya fita. Na fito da giwa ta kalli gidan nan mai rauni da ke gefen sarkinsa. Ya sake turo dakaren ya taɓa dokina, yana nufin in ja da baya. Ban ja ba. Na bar dokin a inda yake, na shigar da sarkina lungu, soro ya fito ya tsaya a kan hanyar da kyautar farko ta buɗe. Ya ci dokin. Wazirina ya ci dakaren ya tsaya gaban soro. Mutane suka fara barin teburansu suna zuwa kallo, don a ido na yi asarar doki guda, amma duk mayaƙana suna waje, nasa kuwa suna kwance a gida ba wanda ya motsa, sai dakaru da suka yi nisa suka bar ƙofa a buɗe. Malam ya kare kansa yadda ban taɓa ganin wani ya yi ba. Akwai lokacin da na tabbata na hallaka, na ce a raina to alhamdu lillahi, ko an ci ni an ci ni da gaskiya. Da lokacin azahar ya yi shi ya ɗaga hannu ya roƙi alƙali a tsai da agogo, ya ja mu salla a farfajiya ina bayansa, muka dawo muka ci gaba. Daga ƙarshe na ba da giwar ma a gefen sarkinsa, sarkin ya fito fili, waziri da soro suka bi shi. Kafin in kai ga kashewa ya sa yatsa ya kwantar da sarkinsa.

Lawal can baya, da ya riga ya ci nasa, ya rasa inda zai sa kansa. Na sake jera 'ya'ya, kowanne a gidansa, yadda aka koya mini, na sauka daga kujera na tsuguna.

"Malam, ramuwa."

Ya gyara rawaninsa ya miƙe.

"Ajiye ta."

Sabi'u bai ɗauko ni a mota ba. A bayan babur ɗin Lawal na zo Mashi, daga nan na hau motar haya. Kafin in iso labari ya riga ni, ya kuma yi kitso ya yi lalle. Wai na yi dariya a fuskarsa, wai na buga tebur. Na shiga gida na tarar mahaifiyarku tana tankaɗe, ba ta amsa sallamata ba sai da na maimaita.

"Duk mutanen Katsina ba su ishe ka ci ba, sai Baba?"

"Haɗa mu aka yi, Hajara."

"An haɗa ku, aka kuma ce ka ba shi doki don ka nuna masa ko da ragi ka fi shi? Inna ta ce tun da ya dawo bai fito zaure ba. Ni yanzu in je gidanmu in ce ni matar wa?"

"Ki ce matar wanda Malam ya koya wa kada ya yi ƙarya."

"Allah Ya ba ka lada. Tuwonka na can, ya huce."

Ta yi watanni magana tsakaninmu ba ta wuce ta cefane ba, kuma ban ga laifinta ba, ubanta ne. A kasuwa aka sa mini Ci-Suruki, har 'yan dako suna kira. Wasu iyaye suka janye 'ya'yansu daga karatu a zaurena, suka ce wanda bai ji kunyar surukinsa ba me zai koya wa yaro. Buhun geron da na aika gidan Malam, surukata ta maido da shi ko kwance bakinsa ba a yi ba. Ikkon ma da muka je ni da Lawal, kada wani ya yi muku ƙarin gishiri, ba mu kai ko'ina ba. Yaran jami'a suka yi mana kaca-kaca muka dawo. Da Sabi'u ya ji sai ya ce ashe a kan wannan aka tozarta tsoho. Dattawa suka zo suka ce in je in ce na tuba. Na ce zan je in tsuguna a ƙofarsa kullum in ana so, zan share zaurensa, amma ba zan ce na yi kuskure ba, don ban yi ba, kuma faɗin haka ƙarya ce ta biyu a kan wadda na ƙi yi.

Malam bai taɓa hana ni gaisuwa ba. Kowace salla, ƙarama da babba, ina zuwa in tsuguna daga bakin zaure, ya amsa a taƙaice yana kallon littafi. Kowace salla kuma sai in ce wa mahaifiyarku, in ta shiga ciki ta gaya masa ramuwarsa tana nan. Amsar da take kawowa ba ta canzawa: ya ce ka ajiye. Da farko tana kai saƙon tana harara. Da shekaru suka tura sai ta fara tuna mini da kanta in na manta. Gasa kuwa bai sake zuwa ba, jakar fatar ma aka ce ya rataye ta.

Sai shekarar da wayar hannu ta shigo Daura, kowa yana hawa tudu yana neman sabis. Malam ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi hazo, ba ya iya karatu sai an karanta masa. Wata ranar Alhamis da hantsi mahaifiyarku ta dawo daga gidansu, ko mayafi ba ta cire ba ta ce:

"Baba ya ce ka je da ajiyarsa."

Na tarar da shi a zaure a kan buzu, allon yana gabansa, Sabi'u na gefe ya yi furfura shi ma. Na tsuguna daga nesa. Malam ya buga tabarma da tafin hannu.

"Matso nan. Kujerar Katsina ba ta cinye ka ba, tabarmata ba za ta cinye ka ba."

Na matsa, na juya masa fari, don ramuwa haka take. Ya mai da allon yadda yake.

"A'a. Baƙina nake so. Ka yi mini irin kyautar ranar nan. Kuma ka ji da kyau, in ka sassauta mini don na tsufa, ban yafe ba duniya da lahira."

Na tura dakaren sarki, ya tare. Na ba da kyautar, ya laluba da yatsa ya ci. Na fito da doki, ina jiran ya turo dakaren nan ya tsare abin da ya ci. Sai ya kai hannu tsakiya, ya ɗauki dakaren gaban wazirinsa ya tura gida biyu, ya ajiye shi a bakin nawa.

"Tukwici," in ji shi. "Shekara da shekaru ina kwana ina tashi da wasan nan. Aka ba ni kyauta na rungume, na hana tukwici, ina tsaron dakare ɗaya gidana na ci da wuta. Ci, mu gani."

Na ci. Kafin in farga dokinsa ya fito, giwayensa sun sami hanya, sarkinsa ya shige lungu, ni kuwa katangar da na rushe da hannuna tana nan a rushe. Na yi duk abin da na sani, Allah shaida ne, gumi har cikin hula. Yana tambayar Sabi'u inda na ajiye, ya laluba ya tura. Ana kiran azahar wazirinsa ya sauka kusa da sarkina, doki na tsare da shi, ba gidan gudu. Na kwantar da sarkin.

 Sai ya ce, ba da ni yake ba, da Sabi'u yake:

"Ranar nan a mota na ji abin da ka ce, na yi shiru, don ina son zuwa Ikko. Yaron nan ya ajiye mini sharaɗina a kan allo a gaban mutane. Ba cin da ya yi mini ya hana ni kallonsa ba, kunyar shirun da na yi ce."

Sabi'u ya sunkuyar da kai. Malam ya ɗaga murya ya ce a kawo fura. Mahaifiyarku ce ta kawo da kanta, ashe tana bayan ƙofa tun farkon wasan. Ya sha, ya cika ludayin, ya miƙo mini. Na kau da kai, don ban taɓa sa komai a baki a gabansa ba.

"Karɓi, Haruna. Ka sauke abin da ke wuyanka."

Na karɓa na sha, mahaifiyarku tana tsaye tana share ido da bakin mayafi. Muka tashi ya ja mu salla. Bai ga damina biyu bayan wannan ba, Allah Ya jiƙansa Ya sa Aljanna ce makomarsa. Jakar fatar da ke rataye a ɗakina shi ya ce a ba ni.

Har yau akwai masu cewa na bar masa wasan na biyu don in wanke kaina. Duk wanda ya gaya muku haka, ku ce masa Ci-Suruki ya ce ƙarya yake. A Katsina na ci Malam da iyakar ƙarfina, a zaurensa ya ci ni ina kan iyakar ƙarfina, kuma da ludayi ɗaya muka sha fura a kai.